Me ya kawo kwamfuta cikin haɗa feftaid biyu-biyu?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina aji uku a sashen nazarin sinadaran jikin halitta. A wani darasi malaminmu ya ce yanzu ana amfani da kwamfuta wajen tsara ƙananan furotin da ake kira feftaid, biyu-biyu, waɗanda za su manne wa juna da ƙarfi, wai kuma su ne kayan aikin masu ƙere-ƙeren halitta. Abin da ban gane ba shi ne, in dai mannewa ake so, ai sai a ɗauko mai cajin fositif a haɗa da mai cajin negetif, shi ke nan. Mene ne na kwamfuta a ciki? Kuma me ake yi da su bayan an ƙera?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki biyu ce a haɗe: in fositif da negetif suna jan juna, me zai sa a nemi kwamfuta, sannan ina amfanin abin in an gama. Zan fi daɗewa a kan ta farkon, domin yawancin shekarun da na yi a ɗakin bincike a kanta suka tafi.

Dabarar da kika kawo an yi ta, ta kuma yi aiki. A 1993 Erin O'Shea da Kevin Lumb da Peter Kim, a Cibiyar Whitehead da ke Amurka, suka tsara feftaid biyu da hannu. Ɗaya suka cika gefensa da gulutamet mai cajin negetif, ɗayan kuma da laisin mai cajin fositif, dukansu daga cikin amino asid, tubalan da ake gina furotin da su. Kowanne in yana shi kaɗai cikin ruwa ba ya son ɗan'uwansa mai irin cajinsa, ana haɗa su kuwa sai su rungume juna. Robert Hodges da mutanensa a Kanada sun yi irin wannan, har yau ana aiki da nasu. Saboda haka in haɗi ɗaya tak kike so, takarda da biro sun ishe ki. Rigima tana farawa ranar da kika ce kina son haɗi huɗu ko takwas a tukunya ɗaya, kowane feftaid ya nemo abokinsa ya ƙyale sauran. An ce ƙwarya ta bi ƙwarya. A wannan aikin sai kin koya wa ƙwaryar yadda za ta gane 'yar'uwarta cikin ƙore goma sha shida masu kama ɗaya.

Yadda sili biyu suke tufkuwa

Feftaid gajeren furotin ne, wato amino asid a jere kamar 'ya'yan carbi a zare. Irin waɗanda muke magana a kansu tsawonsu yakan kama daga amino asid 21 zuwa wajen 40. A 1951 Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson suka bayyana cewa irin wannan sarƙa tana iya murɗewa kamar sifirin, kowane zagaye ya ɗauki amino asid 3.6. Shi ake kira alfa heliks.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana tufka igiyar rama ya riga ya ga rabin bayanin. Mai tufka yana murza kowane sili ta gefe guda, sannan ya bar silin biyu su naɗe juna ta ɗaya gefen, kuma wannan saɓanin ne ke riƙe igiyar. Haka furotin ɗin yake. Kowane heliks murɗewarsa ta dama ce, amma in biyu suka haɗu sai su naɗe juna ta hagu. Francis Crick ne ya fitar da lissafin wannan a 1953, shekarar da shi da James Watson suka bayyana siffar DNA, yana nazarin keratin, furotin ɗin da ke cikin gashi da farce da ƙaho. Ya ce rassan amino asid na sili ɗaya suna shiga gurbin da ke tsakanin rassan ɗayan, kamar maɓalli da gidansa. Sai a 1991 aka ga abin ƙarara, lokacin da O'Shea da abokan aikinta suka fitar da hoton wani yanki na furotin ɗin yis mai suna GCN4. Daga nan zuwa ƙarshe zan riƙa kiran wannan siffa tufka.

Sirrin tufka yana cikin lamba bakwai. Amino asid bakwai suna yin kusan zagaye biyu cif, don haka in kika sa musu haruffa a, b, c, d, e, f, g, kika maimaita, za ki ga duk masu harafin a da d sun jeru a fuska ɗaya, sun yi layi daga sama har ƙasa. A waɗannan gurabe ake sa amino asid masu gudun ruwa, irin su lusin da aisolusin da balin. Ruwa ne ke tura layukan biyu su haɗu, yadda ɗigon manja ke neman juna a saman miya. A gefen layin, dama da hagu, akwai e da g, inda masu caji suke zama: g na wannan sili yana kallon e na wancan. Sauran ukun, b da c da f, suna waje suna fuskantar ruwa.

Jikinki cike yake da wannan tufka. Tana cikin mayosin da ke motsa tsoka, tana cikin fibirinojin da ke daskarar da jini in an yi rauni, tana cikin Fos da Jun, furotin biyu da ke haɗuwa su kunna wasu ƙwayoyin gado. Ƙwayar cutar HIV ma da ita take kutsawa cikin ƙwayar halittar mutum: furotin ɗinta gp41 yana naɗewa ya zama damin heliks shida, ya jawo fatar ƙwayar cutar da ta ƙwayar halitta su haɗe. Maganin enfuvirtide, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2003, feftaid ne mai amino asid 36 da aka kwafo daga jikin gp41 ɗin, yana shiga tsakani ya hana damin kammaluwa.

Ƙarfi da zaɓe ba sa tafiya tare

Ga abin da ya fi muhimmanci a amsar nan. Abin da ke ba tufka ƙarfi shi ne layin masu gudun ruwa, kuma wannan layin ba ya zaɓe. Lusin bai damu da lusin ɗin wa ya samu ba. Duk yadda kika ƙara masa maiƙo don ya riƙe abokinsa, haka kika ƙara masa damar riƙe kowa.

A 1993 Pehr Harbury da Tom Alber da Kim suka nuna yadda abin yake da tsantsi. Sun ɗauki GCN4 suka canza abin da ke a da d kawai. Aisolusin a gurbin a da lusin a gurbin d ya ba da sili biyu. Aisolusin a duka biyun ya ba da sili uku. Da suka juya, lusin a a da aisolusin a d, sai ga sili huɗu. Lusin da aisolusin nauyinsu ɗaya, atam ɗinsu ɗaya, wurin da reshe ya fito ne kawai ya bambanta, amma wannan ya isa ya sauya ginin gaba ɗaya.

Halitta tana da wata dabara da ta daɗe tana burge ni. A tsakiyar layin GCN4 akwai asfarajin guda ɗaya, wanda amino asid ne mai son ruwa, ga alama ba wurinsa ba ne. Yana rage wa tufkar ƙarfi. Amma da yake ba ya jin daɗin zama kusa da lusin, ba ya natsuwa sai ya samu wani asfarajin a ɗayan silin sun yi ɗaurin haidurojin, kuma hakan ba ya yiwuwa sai silin biyu ne, kawunansu na kallon gefe ɗaya, kuma babu wanda ya zame sama ko ƙasa. A 1995 Lumb da Kim suka cire asfarajin daga waɗancan feftaid nasu na 1993 suka sa lusin. Ƙarfi ya ƙaru, amma abin ya koma sili huɗu, kuma ba shi da tsayayyen gefen da yake kallo. Sun sami ƙarfi, sun rasa tsari.

Cajin e da g ma aikinsa ya fi karkata ga korewa. Binciken da aka yi a kan Fos da Jun a 1992 ya nuna cewa babban dalilin da ya sa Fos ke zuwa wurin Jun shi ne Fos ba ya iya zama da wani Fos, saboda cajin negetif ya yi musu yawa a gefe. Wato mai tsara feftaid rabin tunaninsa yana kan haɗin da yake so, sauran rabin, wanda ya fi wuya, yana kan duk haɗin da ba ya so.

Inda lissafi ya fi ƙarfin biro

Mu ƙirga. Feftaid biyu, A da B, hanyoyin haɗuwarsu uku ne: A da A, B da B, A da B. Ɗaya kike so, biyu za ki hana. In takwas ne, hanyoyi 36, huɗu kike so, 32 za ki hana. In 16 ne, hanyoyi 136, takwas kike so, 128 za ki hana. Wannan kuma kafin a sa waɗanda suka haɗu kai da ƙafa, da waɗanda suka zame da bakwai ɗaya, da masu zama uku-uku. Dabararki ta fositif da negetif a nan take tsayawa, domin in kina da masu negetif huɗu da masu fositif huɗu, kowane mai negetif zai karɓi duk mai fositif ɗin da ya fara cin karo da shi. Dole kowane haɗi ya sami nasa zanen caji da nasa wurin asfarajin, kamar haƙoran makulli. Ta ɗaya ɓangaren, feftaid mai amino asid 28 ana iya jera shi ta hanyoyin da lambarsu ke da sifiri 36 a baya. Babu ɗakin binciken da zai gwada ko ɗigo daga ciki.

Misalin da ya fi sauƙin bi shi ne na Jody Mason da ɗalibansa a Jami'ar Bath ta Ingila, wanda ya fito a 2016. Suna da manhaja mai suna bCIPA, wadda in ka ba ta jerin feftaid biyu take hasashen zafin da tufkarsu za ta warware. Abu uku take dubawa: yadda kowane amino asid ke son zama cikin heliks, dacewar waɗanda ke a da d, da cajin e da g. Suka sa kwamfuta ta ƙirƙiri feftaid 1,536, ta lissafa duk haɗin da zai yiwu tsakaninsu, wato 1,180,416, sannan ta tace takwas waɗanda haɗi huɗun da ake so ke da zafin warwara mai tsawo, sauran 32 kuma nasu ya yi ƙasa. Abin da ya sa nake girmama aikin shi ne ba su tsaya a allon kwamfuta ba. Sun haɗa feftaid takwas ɗin suka auna duka 36 ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Amy Keating a jami'ar MIT ta Amurka ta bi ta wata hanya. Ta fara da awo: a 2003 ita da John Newman suka auna yadda kusan 50 daga cikin irin waɗannan furotin na jikin mutum ke haɗuwa da juna. A 2009 ita da Gevorg Grigoryan da Aaron Reinke suka fito da hanyar lissafi da ke cewa kwamfuta ta nemo jerin da ya fi riƙe abin da ake hari, bisa sharaɗin a sami tazara kaza tsakaninsa da masu gasa. Duk lokacin da aka faɗaɗa tazarar, ƙarfin riƙon yakan sauka. Abin da Lumb da Kim suka gani a kwalba, sai ga shi ya fito a lissafi. Daga wannan layin aiki aka sami tarin feftaid da ake kira SYNZIP a 2010, waɗanda ɗakunan bincike da yawa ke ɗauka su yi aiki da su kai tsaye.

Akwai kuma masu gina siffar atam bayan atam. Dek Woolfson a Bristol yana da manhajar CCBuilder da ke amfani da lissafin Crick ta zana tufka, kuma a 2013 mutanensa suka nuna cewa tsawaita sili daga amino asid 21 zuwa 28 yana ɗaga ƙarfin riƙo daga matakin maikuromola zuwa ƙasa da nanomola (a wannan awo, ƙaramar lamba ita ce riƙo mai ƙarfi). Iya saita ƙarfin ta tsawon sili yana da amfani sosai, don sau da yawa riƙo mai sassauci ake nema. David Baker a Seattle, wanda ya sami rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, ya ɗauki dabarar asfarajin ya faɗaɗa ta: manhajarsu Rosetta tana binne ragar ɗaurin haidurojin a tsakiyar damin heliks, yadda sassan DNA ke gane juna, kuma a 2019 Zibo Chen da sauransu suka fitar da tarin haɗe-haɗe ta wannan hanya. Nasu sun fi feftaid girma, ƙananan furotin ne, kowane ɓangare heliks biyu.

Za ki ji ana cewa AlphaFold, shirin kwamfutar da ke hasashen siffar furotin, ya gama da wannan matsala. A ganina bai gama ba. Ya ƙware wajen nuna yadda abu biyu za su zauna in sun haɗu, domin daga siffofin abubuwan da suka haɗu ya koya. Tambayarmu kuwa ita ce ko za su ƙi haɗuwa, kuma da yake duk tufka kama take da 'yar'uwarta, yakan zana kyakkyawar tufka ga sili biyun da a kwalba ba sa ko kallon juna. Ina amfani da shi don duba siffa, ba na dogara da shi wajen yanke hukuncin zaɓe.

Abin da kwalba ke faɗa

Feftaid ana gina shi ne a kan 'yan ƙananan ƙwallayen roba, amino asid ɗaya bayan ɗaya, hanyar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963. In an yanke shi an tace an busar, abin da ke zuwa hannunki farin gari ne mara nauyi kamar audugar rimi, wanda in kika buɗe kwalbar da gaggawa iska ma tana iya ɗauke shi. Ki narkar, ki zuba a ɗan gilashi mai kaurin milimita ɗaya, ki sa a na'urar da ke haska shi da murɗaɗɗen haske. In akwai heliks, layin da ke allo zai yi rami biyu, a nanomita 208 da 222. Sai ki tsaya a 222, ki riƙa ƙara zafi a hankali daga sanyin firiji har kusa da tafasa, kina kallon ramin yana cikewa. Tsakiyar wannan hawan shi ne zafin warwara, lambar da kwamfuta ta yi hasashe.

Akwai wani haɗi da na taɓa tsarawa wanda manhaja ta ba shi maki mafi yawa. Na haɗa biyun, na auna, layin ya fito da kyau, zafin warwara ya haura yadda nake fata. Na yi kusan mako biyu ina gina wasu gwaje-gwaje a kansa kafin na auna kowanne shi kaɗai. Mai gulutamet ya fito a sake, kamar yadda ya kamata. Mai laisin kuwa shi kaɗai ya ba da heliks, da zafin warwara da bai yi nisa da na haɗin ba. Yana tufkuwa da kansa. Dalilin shi ne reshen laisin dogo ne mai lanƙwasa, biyu suna iya kauce wa juna su bar jikinsu mai maiƙo ya kwanta a kan layin tsakiya, ga kuma gishirin da ke cikin ruwan gwaji yana rage ƙarfin korewar. Na riga na cika tsakiyar da aisolusin da lusin don neman ƙarfi, sai caji ya kasa hana su. Tun daga ranar, a wurina awon kowane sili shi kaɗai shi ne na farko, sannan haɗe-haɗen da ba a so, sannan wanda ake so a ƙarshe.

Wasu ƙananan abubuwa da littafi ba ya yawan faɗa: nauyin garin da kika auna a sikeli ba duka feftaid ba ne, akwai ruwa da gishirin asid ɗin da aka yanke shi da shi, don haka a sa tairosin ko tiriftofan a gurbin f ko a ƙarshen sili, a auna yawansa da haske a nanomita 280. Zafin warwara yana hawa in an ƙara yawan feftaid a ruwan, saboda haka lambobi biyu ba sa kwatantuwa sai yawan ɗaya ne. In ruwan ya yi tsami, gulutamet yana rasa cajinsa, mai negetif ɗin da kika amince da shi sai ya fara manne wa kansa. Kuma na'urar haske tana faɗa miki akwai heliks ne kawai. Ko sili biyu ne ko uku ko huɗu, sai an bi ta bututun da ke rarrabe abubuwa bisa girma, ko na'urar juyi mai tsananin gudu.

Me ake yi da su

Masu ƙere-ƙeren halitta suna son su riƙa haɗa sassan ƙwayar halitta yadda mai gyaran wuta ke haɗa wayoyi. Tufka ita ce fulogi da soket ɗinsu. Da yake amino asid ce zalla, ana rubuta ta cikin DNA a liƙa a wutsiyar kowane furotin, ƙwayar halittar da kanta ta ƙera ta. Furotin biyun da ba su taɓa sanin juna ba, in kika liƙa wa ɗaya A kika liƙa wa ɗayan B, za su tsaya kafaɗa da kafaɗa.

A 2008 Caleb Bashor da Wendell Lim a San Francisco suka yi haka a cikin yis. Sun liƙa sili a jikin furotin Ste5, wanda ke tattara masu isar da saƙo, suka yi amfani da shi wajen jawo masu ƙara saƙon ko masu rage shi. Da wannan suka sa yis ya riƙa amsawa da sauri, ko da jinkiri, ko ya amsa ya yi shiru.

Wanda ya fi nuna darajar zaɓe shi ne na Roman Jerala a birnin Ljubljana na ƙasar Sulobeniya. A 2013 shi da Helena Gradišar suka jera sili 12 a sarƙa ɗaya doguwa, aka tsara su su zama tufka shida, kowace tufka ta zama gefe ɗaya na dala mai fuska huɗu, tsawon gefen wajen nanomita biyar. Ki lura, in sili ɗaya ya kama wanda ba nasa ba, babu dala, sai dunƙule. A 2017 suka nuna irin waɗannan keji suna naɗuwa da kansu a cikin ƙwayoyin halitta masu rai, a 2019 kuma suka yi amfani da tufka wajen haɗa rabi da rabin enzayim masu yanka furotin, ƙwayar halitta ta riƙa yanke shawara cikin mintuna maimakon sa'o'in da kunna ƙwayar gado ke ɗauka.

A fannin ciwon daji, Wilson Wong da abokan aikinsa a Boston sun wallafa wani tsari a 2018. A maganin da ake kira CAR-T, ana ɗaukar sojojin jini na majiyyaci a sa musu na'urar gane ciwon daji guda ɗaya, ba a canza ta. Su sai suka raba na'urar biyu: sojan yana ɗauke da sili, ɓangaren da ke gane ciwon kuma yana zuwa daban da abokin silin. Ana iya sauya abin hari ba tare da an sake ƙera sojan ba, ana iya rage zafin harin ta zaɓar tufka mai sassauci, ana iya kashe shi ta zuba wani sili da zai ƙwace wurin. Sun nuna haka a ɗakin bincike da jikin ɓeraye.

Jiki kuwa ba kwalba ba ne. Ƙwayar halittar mutum tana da nata furotin masu irin wannan tufka fiye da 50 a dangin Fos da Jun kaɗai, kuma silin da kika shigar yana iya kama ɗaya daga cikinsu. Enzayim suna iya sare shi. Garkuwar jiki tana iya ɗaukarsa baƙo. A Disambar 2020 Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta dakatar da rigakafin korona da take gwadawa, wanda aka ɗaure furotin ɗin ƙwayar cutar da wani yanki na damin gp41 don ya tsaya a siffarsa. Babu HIV a ciki, amma jikin waɗanda aka yi wa ya samar da garkuwa ga wannan yankin, gwajin HIV ya riƙa nuna suna da ita alhali ba su da ita. Wannan na cikin dalilan da ke sa a so tufkar da aka tsara daga tushe. Ni dai aikina a kwalba da bakteriya ya tsaya, abin da na kawo miki na ƙwayoyin halittar mutum da dabbobi daga ayyukan waɗanda na ambata ne.

Ta ina za ki fara

Ɓangaren lissafin ba ya buƙatar komai sai ƙaramar kwamfuta da ɗan sanin Python, harshen rubuta manhaja. Ki shiga rumbun siffofin furotin na PDB ki sauko da 2ZTA, wato GCN4 ɗin 1991, ki buɗe shi a ChimeraX, manhajar kallon siffar furotin, ki nemo asfarajin na 16 ki ga yadda biyun ke fuskantar juna. Na'urar murɗaɗɗen haske tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, don haka in aikin ya kai ga awo sai an haɗa gwiwa da ɗakin binciken da ke da ita, ko a bi ta bakteriya: a raba wani furotin mai ba da alama gida biyu, a liƙa wa kowane rabi sili, in sun tufku alamar ta fito.

Kafin nan ga aikin gida. Feftaid ɗin Hodges su ne EIAALEK sau uku da KIAALKE sau uku, kowane harafi amino asid ɗaya ne (E gulutamet, K laisin, I aisolusin, L lusin, A alanin), harafin farko yana gurbin g. Ki zana su a takarda ki tabbatar I ya faɗa a gurbin a, L ya faɗa a gurbin d. Daga nan ki tsawaita zuwa bakwai huɗu, ki ba kowane bakwai caji ɗaya, ki tsara haɗi biyu. Na farko, negetif, negetif, fositif, fositif, da kishiyarsa. Na biyu, negetif, fositif, negetif, fositif, da kishiyarsa. Ki ƙirga jan juna da korar juna a haɗe-haɗe goman da za su yiwu, za ki ga biyun da kike so sun yi fice. Sai ki ɗauki silin farko ki kifa shi kai da ƙafa a kan irinsa: duk bakwai huɗun za su ja juna. Ki ɗauki na biyun ki zame shi da bakwai ɗaya a kan irinsa: uku za su ja juna. Ki nemo gurbin a da za ki sa asfarajin a kowane haɗi don toshe waɗannan ƙofofi biyu, ki turo mini abin da kika samu mu duba tare.